Awa Biyar Da Rabi, Babu Ƙasa A Ƙarƙashinmu

Tun da na hau jirgi daga Kano zuwa Jidda nake ganin na san doguwar tafiya a sama. Ashe da sauran rina a kaba. Bara, da muka gama wani aiki a Santiago, babban birnin Chile, sai na ware kwana huɗu na tafi tsibirin Rapa Nui, wanda Turawa ke kira tsibirin Ista, saboda ranar bikin Ista ta 1722 ce wani ɗan Holan mai suna Jacob Roggeveen ya iso shi.

Tsakanin Santiago da tsibirin kilomita 3,700 ne da ɗoriya. Bai fi Kano zuwa Jidda da wani abin kirki ba. Amma mai zuwa Jidda yana ratsa Chadi da Sudan, ko ba komai akwai garuruwa da filayen jirgi a ƙasa idan wani abu ya taso. Nan kuwa, da jirginmu na kamfanin LATAM ya bar gaɓar teku, shi ke nan. Ruwa ne kawai har awa biyar da rabi. Na yi ta kallon taswirar da ke jikin kujerar gabana: ɗan ƙaramin jirgi a tsakiyar shuɗi, babu sunan gari ko ɗaya gaba ko baya. Sai na samu kaina ina ta salati a zuci.

Dattijuwar da ke kusa da ni 'yar tsibirin ce, ta dawo daga ganin likita a Santiago. Da ɗan Turancinta ta bayyana mini abin da har yau nake juyawa a raina. Filin jirginsu, Mataveri, hanyar sauka ɗaya gare shi, kuma babu wani fili kusa da za a karkata. Don haka in jirgi ya wuce rabin hanya, ba a yarda wani ya wuce nasa rabin sai na farko ya sauka lafiya, domin in ya lalace a kan hanyar saukar, na baya ba shi da inda zai dosa. Hanyar da kanta Amurka ce ta ba da kuɗin ƙara mata tsawo a shekarun 1980, saboda kumbonta ya samu wurin saukar gaggawa.

Tun wurin auna kaya na lura da 'yan tsibirin: kwalaye ɗaure da igiya, akwatunan sanyi, kayan masarufi. Da na shiga wani shago a Hanga Roa, garinsu guda ɗaya, na ga farashin kaya, sai na gane dalili. Mutum kusan dubu takwas ne rayuwarsu ta rataya ga wannan jirgi. Lokacin korona an rufe tsibirin daga Maris 2020 har Agusta 2022, kuma da yawa suka koma noma da kamun kifi.

Manyan gumakan dutsen nan da ake kira moai, kusan dubu, su ne ke kai baƙi can, kuma na gan su. Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne kakannin waɗanda suka sassaƙa su sun iso ne a kwale-kwale, suna bin taurari, alhali tsibiri mafi kusa da ke da mutane a yau, Pitcairn, ya haura kilomita 2,000.

A dawowa iska na bayanmu, tafiyar ta ragu da kusan awa guda. Da na hango tsaunukan Andes ta taga, sai na ji numfashina ya sauka.