Dutse Ya Jira Dogo: Darussa Daga Ginin Ƙaramin Layin Jirgin Ƙasa

Yawancin waɗanda suka rushe ƙaramin layin dogonsu na kwaikwayo, irin wanda ake ginawa a kan tebur, suka sake ginawa, ba munin dutsen ne ya sa su ba. Dutsen kan yi kyau. Jirgin ne ke kasa hawa, ko ya faɗi a cikin ramin dutse inda hannu ba ya kaiwa. Babban abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, tsawon layi ne ke sayen tudu, kuma lissafin nan a takarda ake yinsa tun ba a yanka katako ko ɗaya ba.

A fara da girman jirgin. Ma'aunin HO kashi 1 ne cikin 87 na jirgin gaske, tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5. Ma'aunin N kashi 1 ne cikin 160, tsakaninsa milimita 9. Akwai Z, wanda kamfanin Märklin ya fitar a 1972, kashi 1 cikin 220. Ga mai son duwatsu a ƙaramin ɗaki, N ya fi dacewa a ganina, domin dutsen da ya kai santimita 40 a kan tebur yana daidai da mita 64 a zahiri, jirgin kuma ya ƙanƙance a gindinsa yadda ya kamata. Lissafin da ke tafe duk na N ne.

Idan layi zai ratsa ta saman wani layi, ana bukatar sarari kamar milimita 45 daga saman dogon ƙasa zuwa ƙarƙashin gada. A ƙara kaurin katakon da ke ɗauke da layin sama, da shimfiɗar da ke ƙarƙashin dogo, da dogon kansa, sai a tashi da kusan milimita 55. Hawan da jirgi ke yi cikin kwanciyar hankali shi ne kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita. Ke nan milimita 55 na cin mita 2.75 na layi. Wannan ma bai ƙare ba, domin hawa ba ya farawa farat ɗaya. Idan aka haɗa shimfiɗaɗɗen dogo da mai hawa a kusurwa guda, hancin inji zai daki ƙarfe, ko ƙugiyoyin taragai su zame daga juna, a can sama kuma ƙafafun gaba su yi lilo a iska. Dole a lanƙwasa katakon sannu a hankali, aƙalla tsawon tarago biyu a kowane ɓangare. Gaba ɗaya an zarce mita 3. A tebur mai santimita 90 da 180, wannan ya cinye mafi yawan zagayen, da ƙyar a sami wurin tasha.

A nan ake yin kuskuren da ke jawo rushewa. Mutum ya ce bari ya ɗaga hawan zuwa kashi 4, ya gwada da inji shi kaɗai, ya ga ya haye, ya ci gaba da gini. Ranar da ya ɗaura masa tarago goma, sai ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Kwana kuma na ƙara wa hawa nauyi, domin ƙafafun na gugar ƙarfen waje. Hawan kashi 3 a matsattsiyar kwana jirgi na jinsa kamar 4 ko fiye. Har ila yau, idan tarago mara nauyi na gaba, masu nauyi na baya, jan da inji ke yi zai fizgo mara nauyin zuwa cikin kwanar ya kifar da shi.

Maganin da ya fi kowanne sauƙi shi ne a raba tudun gida biyu. Kada layi ɗaya ya hau milimita 55 shi kaɗai. Wannan ya hau 28, wancan ya gangara 27, kowanne ya ci kamar mita 1.4 kawai. Amma hakan ba ya yiwuwa idan an manna dogo a fuskar tebur, don babu inda za a gangara. Shi ya sa ake ɗora dukan layin a kan soso mai tauri, irin wanda ake sa wa bango don tare zafi da sanyi, mai kaurin santimita 5, ko a ɗaga shi a kan 'yan ƙafafun katako. Wannan dabara na da wata riba da ta fi ta farko: ana samun kwari. Ƙasar duwatsu ba tudu kaɗai ba ce. Abin da ke sa ido ya gaskata jirgi na kan dutse shi ne zurfin da ke ƙarƙashin gada, da rafin da ke can ƙasa. Tsaunin da aka ɗora a kusurwar shimfiɗaɗɗen tebur, aka huda masa ƙofa biyu, kowa na ganinsa ya san ɗora shi aka yi.

Masu gina layin gaske ma da tsawo suka sayi tudu. A layin Gotthard na Suwizalan, wanda aka buɗe a 1882, jirgi na shiga dutse ya juya ya fito, har fasinja ya ga cocin ƙauyen Wassen sau uku daga tudu daban-daban. A Tehachapi ta jihar Kalifoniya, tun 1876 layi ke yin da'ira ya ratsa saman kansa, dogon jirgi kuma kan haye ta kan wutsiyarsa. Ana iya kwaikwayon haka a ɓoye cikin dutse da layi mai naɗewa kamar dodon koɗi, sai dai a yi lissafi. Idan daga tsakiyar da'ira zuwa dogo milimita 315 ne, zagaye ɗaya bai cika mita 2 ba, hawan kuma ya kai kashi 2.8. Idan aka faɗaɗa zuwa 400, zagayen ya zama mita 2.5, hawan ya sauko zuwa 2.2. Santimita takwas da rabi ne bambancin, amma jirgi na jin sa ƙwarai.

Sai batun hannu. Duk inda ya wuce santimita 60 zuwa 70 daga bakin tebur, hannu ba ya aiki a wurin ba tare da gwiwa ta karya bishiya ba. Kowane rami kuwa sai jirgi ya taɓa tsayawa a cikinsa, ko don datti ko don faɗuwa. A bar bayan dutsen a buɗe, ko a yi ƙoƙon dutsen ya zama murfi mai ɗaguwa, a ɓoye tsagar da bishiyoyi. Mararrabar layi kada ta shiga rami, kada kuma ta zauna daidai inda hawa ke farawa. Inda kwanar dama ta bi ta hagu, a sa miƙaƙƙen dogo tsakaninsu wanda ya kai tsawon tarago mafi tsawo.

Wutar lantarki ma kafin dutse ake gama ta. 'Yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo suna kai wuta da kyau suna sababbi, amma bayan fenti da gam da ƙura sun shige su, sai jirgi ya riƙa rage gudu a wuri ɗaya kullum. A ja manyan wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur, daga su a tayar da sirara zuwa dogo a kowace mita, a liƙa da dalma a gefen waje. A miƙaƙƙen layi a bar 'yan tsagogi kamar kaurin kati, domin katako na kumbura yana tsukewa da sauyin danshi, dogon da aka liƙe gaba ɗaya kuwa sai ya lanƙwashe. Layin da ke juyowa ya koma kan kansa yana haɗa waya da kishiyarta, sai an yanke ƙarafan biyu a mashiga da mafita an ba shi nasa makunni. Bayan wannan a yi makonni ana tuƙa jirgi a kan tsiraicin katako, gaba da baya, da tarago mafi tsawo da inji mafi rauni. Ina ganin wannan jiran ne ya fi komai wuya, domin zuciya na ɗokin ganin dutse, amma gyaran minti biyar a yanzu shi ne gyaran kwana uku bayan filasta ta bushe.

Ginin dutsen kansa bai kai haka wuya ba. A jera soson hawa-hawa, a sassaƙa da wuƙa ko zazzafar waya, a inda iska ke shiga don hayaƙinsa ba shi da kyau. Gam mai ƙarfin wari na narkar da soso. Farin gam na kafinta kuma ba ya bushewa tsakanin soso biyu, don iska ba ta isa wurin, sai a nemi wanda aka yi domin soso. Kafin a rufe rami a shafe cikinsa da baƙin fenti a zuba masa tsakuwa, a kuma lulluɓe dukan dogo da tef. Wajen kwaɓa filasta, gari ake barbaɗawa a ruwa, ba ruwa a gari ba, kaɗan-kaɗan, don cikin minti goma ta fara ƙamewa, ragowar tsohuwa a kwano kuma na sa sabuwa saurin daskarewa. A zuba ɗan launin toka a kwaɓin, don idan ta ɓantare kada fari ya bayyana. Zanen jikin duwatsu ya fuskanci ɓangare ɗaya a tsauni guda, kamar yadda yake a daji. Launi kuwa tsarwatacce ake sawa, ruwa-ruwa, mai haske da farko, baƙi-baƙi a ƙarshe don ya kwanta a tsagogi. Idan gam ya riga ya taɓa filasta, wurin ba zai sha launi ba. Manyan bishiyoyi a gaba, ƙanana a can ƙololuwa, sai dutsen ya ƙara nisa a ido.

Tsakuwar dogo a share ta da buroshi mai laushi, a jiƙa ta da sifirit tukuna, sannan a ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa kashi biyu. In ba a jiƙa ba, gam zai dunƙule ya kwashe tsakuwar. Kada ɗigo ya kusanci harshen mararraba, wato ƙarfen da ke motsawa ya sauya wa jirgi layi.

Idan sake tsari ya zama dole, wannan farin gam ne ke ceton dogo: a jiƙa da ruwan ɗumi, a jira minti goma sha biyar, a zura siririn ƙarfe a ƙarƙashi a ɗaga a hankali. Mararraba da gadoji da bishiyoyi duk suna tsira. Dogon da aka riga aka lanƙwasa ba kasafai yake miƙewa daidai ba, gara a mayar da shi layin ajiye taragai. Sabon tsarin a zana shi da cikakken girmansa a faffaɗar takarda, a ɗora taragai a kai a tura da hannu, a ga ko dogayen za su gogi bango a bakin rami. A gina shi gunduwa-gunduwa, kamar santimita 60 da 120, a haɗa da ƙusa mai noti, a yanke dogo da waya a kowace mahaɗa. Kuma kusan kullum gyaran na ragi ne. A cire layi ɗaya daga cikin ukun da aka cusa, a mayar da wurinsa kwari, a faɗaɗa kwanar da ta rage, nisan tsakiyar da'irarta zuwa dogo ya tashi daga milimita 282 zuwa 348, a sake auna hawan da ma'auni kafin a manna ko ɗanyen dogo ɗaya.