Ni da Kawu a kangon Dunnottar

Kawuna ya zo Aberdeen ta ƙasar Sikotland ne don bikin kammala karatuna. Da aka watse, sai ya rage masa 'yan kwanaki kafin jirginsa na komawa Kano, ga shi mutum ne da zaman ɗaki ba ya karɓarsa. Na ce masa akwai wata tsohuwar fada a bakin teku, kudu da mu kaɗan, sunanta Dunnottar. Ya tambaya ko mai fadar yana ciki. Na ce masu gidan sun bar shi shekara 300 ke nan da ɗoriya, kango ne kawai. Ya ce, "Kai yaro, kango za ka biya kuɗin jirgi ka kai ni in gani?" Amma shi ya riga ni saka takalmi.

Daga Aberdeen zuwa Stonehaven, garin da ke kusa da fadar, kamar mil 15 ne, jirgin ƙasa ba ya wuce minti ashirin. Tashar tana can saman gari, sai mun gangara da ƙafa har kwatar da 'yan jiragen kamun kifi suke. Daga bayan kwatar wata siririyar hanya ta hau tudu ta bi gefen teku, kusan mil biyu zuwa fadar. Watan Yuli ne, wai bazararsu ke nan, amma iskar Tekun Arewa ba ta san da wannan zance ba. Kawu ya danne hularsa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bakin babbar rigarsa da iska ke neman yi mata gaba.

A kan wani tudu muka tarar da ginin tunawa da mutanen garin da suka mutu a Yaƙin Duniya, wanda aka buɗe a 1923. Ginshiƙai ne a zagaye, babu rufi. Kawu tsohon magini ne, ya yi shekaru yana kwangilar gini, don haka yana kallo ya yanke hukunci: kuɗi ne suka ƙare wa ɗan kwangila. Na ce, "A'a Kawu, da gangan aka bar shi haka, don waɗanda aka rubuta sunayensu ma ba su ƙarasa rayuwarsu ba." Ya yi shiru, ya zagaya ya karanta sunaye biyu uku, muka wuce.

Daga nan ake fara hango Dunnottar. Wani ƙaton dutse ne ya fita cikin teku, samansa a baje, gefensa a tsaye tsaf, tsayinsa kusan mita 50, ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku. A kansa aka jera gine-ginen. Abin da ya haɗa shi da ƙasa ɗan siririn wuya ne a can ƙasa, saboda haka mai son shiga sai ya sauka matakala har kusan bakin ruwa, sannan ya sake hawa ta wata ƙofa da aka matse a jikin dutsen. Na ce, "Kawu, a yi a hankali, matakalar da yawa." Ya ce gwiwar da ta yi Safa da Marwa ba za ta ji kunya a nan ba. Mun dai tsaya hutu a hanya, wai yana kallon tsuntsaye.

A ƙofar ya fara ɗaukar wurin da muhimmanci. Hanyar shiga ƙunci gare ta, ta lanƙwasa, ga ramukan bindiga a bango suna kallon duk mai tahowa. Ya shafa jikin dutsen, wanda tsakuwa ce manya da ƙanana a manne kamar an zuba musu siminti, alhali haka Allah ya halicce shi. Ya ce ganuwar Kano da ƙasa aka yi ta, in aka daina yaɓe damina ce ke cinye ta kaɗan kaɗan, amma wannan ginin ko an yashe shi sai dai a zo da hannu a rushe. Bai san ya faɗi tarihin wurin ba, domin abin da ya faru ke nan.

Gidan Keith ne suka mallaki dutsen, masu riƙe da sarautar Earl Marischal, ɗaya daga manyan muƙaman masarautar Sikotland. Doguwar hasumiyar da ke tsaye har yau a ƙarshen ƙarni na 14 aka gina ta, sauran ɗakunan kuma yawanci na ƙarni na 15 da na 16 ne. Akwai bargar dawakai, da maƙera, da madafa mai ƙaton murhu, da coci. Sarauniya Mary ta Sikotland ta sauka a nan a 1562. A tsakar gidan akwai wani ƙaton tafki da aka gina da dutse don tara ruwa, kuma a nan Kawu ya fi daɗewa. Ya ce wanda ya gina wannan ya san abin da yake yi, don mai ƙawanya ba sai ya fasa bango ba, ƙishirwa yake jira.

Ƙawanyar kuwa an yi ta. Bayan an naɗa Charles na Biyu sarkin Sikotland a garin Scone ranar 1 ga Janairun 1651, sojojin Ingila ƙarƙashin Oliver Cromwell sun mamaye ƙasar, kuma kowa ya san sun riga sun narkar da kayan sarautar Ingila. Sai aka kawo na Sikotland nan aka ɓoye: kambi, da sandar mulki, da takobi. George Ogilvie, kwamandan fadar, da 'yan sojojinsa da ba su kai ɗari ba suka riƙe dutsen wata takwas, har aka kawo manyan igwa, ya miƙa wuya a watan Mayun 1652. Aka shiga aka bincika ko'ina, babu kayan. Ashe mata sun riga sun fitar da su. Christian Fletcher, matar limamin cocin Kinneff da ke kudu da nan, ita ce a gaba a wannan aiki, ita da mijinta suka binne su a ƙarƙashin daɓen coci har 1660. Yau suna fadar Edinburgh ana biyan kuɗi ana kallo. Kawu ya yi dariya har da tafi. Ya ce mazaje da igwa suna gadin ƙofa, mace ta wuce da kambin sarki.

Wannan labarin ne ake tallar wurin da shi, kuma ya cancanta. Amma ni ba shi ya fi tsaya mini a rai ba. A ƙarshen ginin ta gefen teku akwai wani ɗaki a ƙasa, dogo, mai rufin baka, ƙasansa danshi, da taga ɗaya mai kallon ruwa. A 1685 an zuba mutum 167 a cikinsa, maza 122 da mata 45. Laifinsu sun ƙi rantsuwar cewa sarki ne ke da iko a kan al'amuran cocinsu. Daga ƙarshen Mayu har ƙarshen Yuli suna ciki, abinci kaɗan, babu makewayi. Mutum 25 suka fita ta tagar suka bi jikin dutsen, biyu suka faɗa, aka kamo 15. Wasu sun yi rantsuwar aka sake su. Ragowar aka loda su a jirgi zuwa New Jersey ta Amurka, da yawa ba su kai ba, sun mutu a teku.

Kawu ya taka ɗakin daga bango zuwa bango yana ƙirga taku, irin na magini. Ya tsaya yana lissafi da yatsu. Ya ce, "Ɗan nan, ko a tsaye suka kwana wurin bai isa ba." Na leƙa tagar, na ga inda mutum zai ɗora ƙafa in ya fita, na ja da baya. Duk abin da muka yaba a ƙofa, ƙuncin hanya da tsayin dutse da ruwan da ya kewaye, shi ne dai ya tsare waɗannan mutane a ciki. Wasu baƙi suka shigo suna hira, suka ɗauki hoto suka fita. Ban ga laifinsu ba, amma da ni ke tsara zagayen, nan zan sa a fara kai mutane kafin labarin kambi.

Ƙarshen gidan ba ƙawanya ce ta kawo shi ba. Earl Marischal na goma ya shiga tawayen da aka yi wa sarkin Birtaniya a 1715, aka yi rashin nasara, gwamnati ta ƙwace dukiyarsa. Wani kamfani ya sayi fadar, ya kwashe rufi da katako da duk abin da zai yi kuɗi ya bar bango. Sai a shekarun 1920 iyalan Cowdray suka soma gyara, kuma har yanzu a hannunsu wurin yake. Kawu ya ce ai ya faɗa tun a ƙofa.

Matakalar fita ta fi ta shiga wuya, wannan karon bai fake da tsuntsaye ba, zama ya yi sosai. Muka sami wuri a ciyawa can gefe muka yi Azahar da La'asar, iska na kaɗa mu. A Stonehaven muka ci soyayyen kifi da dankali a bakin kwata. Na gaya masa a garin nan ne ake cewa aka fara tsoma cakulan a ƙullu a soya shi cikin mai, ko zai ɗanɗana. Ya ce ya gode, a ƙaro masa kifi.