Inda "Na Sallama" Ba Ta Ƙulla Ciniki

Jirgin ƙasan da na hau a tashar Paddington ta Landan ya sauke ni a Moreton-in-Marsh bayan kamar awa ɗaya da rabi. Talata ce, ranar kasuwar garin, 'yan tebur sun jeru a babban titi da cuku da furanni da rigunan sanyi. Ƙanwata na tsaye a bakin tasha cikin wata jibgegiyar riga, da ƙyar na shaida ta.

"Yaya, ka zo a kan gaɓa. Gobe sai ka ga gidan."

Shekara shida ke nan tana aikin jinya a can. Ita da maigidanta sun gaji da zuba kuɗin haya kamar ruwa a kwando, sai suka ɗaura niyyar mallakar nasu, kuma a ƙauye, saboda makarantar yara da kwanciyar hankali. Ni da na ji ƙauye, na ɗauka araha suka bi. Ashe a wannan yanki da ake kira Cotswolds, ƙauyen ne na masu hannu da shuni.

Washegari muka bi titin A429, wanda ya miƙe sambal domin a kan tsohuwar hanyar Rumawa aka shimfiɗa shi. Hagu da dama tuddai ne kore shar, da tumaki, da katangun gona na dutse kan dutse ba ɗigon siminti. Gidajen duk dutse ɗaya ne, launinsa kamar zuma idan rana ta haska shi. Da ulun tumaki yankin ya yi arziki shekaru ɗaruruwa da suka wuce, attajiran ulun ne ma suka gina manyan coci-cocin Chipping Campden da Northleach. Tun 1966 aka sa shi cikin wuraren da doka ke kare kyawunsu, shi ya sa sabon gini ke wuya, tsoho kuma ke tsada.

Gidan ya tarbe ni da ƙwala mini katakon saman ƙofa a goshi. Mutanen da suka gina shi ko dai gajeru ne, ko kuma ɗumi ya fi musu tsayi muhimmanci. Kaurin bangon ya tuna mini da tsofaffin sorayen cikin birnin Zariya. Ina shafa goshi na fara ba da shawara irin ta babban wa: a fasa wannan bango falo ya faɗaɗa, a cire waɗannan 'yan tagogin a sa manya. Dillaliyar ta yi murmushi, ta ce gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, aji na biyu. Ko taga ɗaya za ka sauya sai ƙaramar hukuma ta ba ka izini a rubuce, wanda ya yi gaban kansa kuma laifi ya aikata, kotu ce za ta raba su. Na dubi surukina na ce, to kai mai gida za ka zama ko mai gadi?

Muna bayan gida ina kallon tankin man da ake ɗumama ɗakuna da shi, don bututun gas bai iso ƙauyen ba, sai ga wani dattijo da karensa ya buɗe 'yar ƙofar shinge, ya ratsa ta gefen lambun, ya ɗaga mana hannu ya wuce abinsa. Na buɗe baki zan yi magana, ƙanwata ta riƙe mini hannun riga. Hanyar ƙafa ce ta jama'a, tana cikin taswirar hukuma, ta girmi duk wanda ya taɓa mallakar gidan, kuma ba mai ikon toshe ta.

Duk da haka gidan ya shiga raina. Da suka ce ai sun taya, mai gida kuma ya karɓa tun mako biyu kafin zuwana, sai na ɗaga hannu zan shafa fatiha.

"Tukuna dai, Yaya," in ji surukina.

A wajenmu idan dillali ya haɗa hannun mai saye da mai sayarwa, aka ce "na sallama" a gaban shaidu, magana ta ƙare, mai warware ta sai ya nemi inda zai sa fuskarsa a unguwa. A Ingila wannan sallamawar iska ce. Ba abin da ya ɗaure kowa sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun da aka sa wa hannu, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100. Kafin nan a kan share watanni. Safiyo zai duba rufi da danshi da sokawe, lauya zai binciki asalin fili da haɗarin ambaliya, banki zai aiko mai ƙiyasta kuɗin gida. Su ta bankin Musulunci suka bi don gudun riba: a sayi gidan tare, kana biyan hayar kason banki kana sayen sa kaɗan-kaɗan. Sannan ga abin da suke kira sarƙa, wato mai sayar maka yana jiran wanda zai sayar masa, shi ma yana jiran wani. Mutum ɗaya ya fasa, kowa ya zauna.

Sauran kwanakina na yi su ina yawo. Da yamma na fi gane ƙauyen, lokacin da ake kunna fitilu: gida uku da haske, huɗu a duhu. A jikin ƙofofin masu duhun akwai ɗan akwatin makulli mai lambobi, alamar baƙi ake ba haya kwana biyu ko uku. Wasu kuma na mutanen Landan ne da ba sa zuwa sai ƙarshen mako. Hukuma na ƙoƙarin taka musu birki. Tun Oktoban 2024 mai sayen gida na biyu yana biyan ƙarin kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan a kan harajin saye, daga Afrilun 2025 kuma ƙananan hukumomi sun sami ikon ninka masa harajin gida na shekara. Kantin ƙauyen dai ya riga ya rufe. Bas tana zuwa sau kaɗan a yini. Ranar Juma'a sai da muka tuƙa har Banbury, muka yi salla, muka ciko bayan mota da naman halal na wata guda.

Ana jibi zan tafi, muna cin tuwon semo da miyar kukar da na kawo, waya ta yi ƙara. Surukina ya saurara, ya ce "na gode" sau biyu, ya ajiye. Wani ya ƙara a kan tayinsu, da kuɗi a hannu, mai gida ya juya. Abin da suka biya safiyo da lauya ya bi ruwa, ba wanda za su kama. Dillaliyar ta ba da haƙuri cikin ladabi ƙwarai, a wannan fannin kam ba a fin su. Ƙanwata ba ta ce uffan ba, ta tashi ta ɗora shayi.

A hanyar mayar da ni tasha tana kujerar baya tana latsa waya. Can ta miƙo mini.

"Yaya, dubi wannan. Kusa da kogin Windrush yake, sai dai mu tambaya ko ambaliyar 2007 ta shige shi."

Na ƙura wa hoton ido, na ce ta fara tambayo mini tsayin ƙofar.