Wayar Baba ta yi shiru

Asabar, bayan isha'i.

Yanzu na shigo, jikina duk ƙurar hunturu, amma ba zan iya kwanciya ba sai na rubuta abin da ya faru yau.

Da sassafe Umma ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Auta, in ka samu sarari ka leƙo yau. Babanku kwana biyun nan ban gane masa ba." Gabana ya faɗi, na ce jikin ne? Ta ce jiki lafiya lau, maganar waya ce. Wai ya kusa sati uku ba ya fita da ita masallaci. In ta yi ƙara sai ya kifa ta, da dare kuma ya kashe ta ya tura ƙarƙashin matashi. Mutumin da da ba ya rabuwa da ita saboda karatun Alƙur'ani da kiran 'yan'uwa na ƙauye. Har jikokin da suka saba karɓa su kalli hotunansu ya hana.

Wajen ƙarfe 11 adaidaita sahu ya sauke ni. Na same shi a zaure kan tabarma, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa hirar sanyi da farashin hatsi. Ban kawo maganar ba, shi ma bai kawo ba. Muna cikin shan kunun da Umma ta aiko sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa, na ga fuskarsa ta sauya nan take. Ya ɗan jima shiru. Can ya zaro ta ya miƙo min a kife, ya kau da kai ya ce, "Duba min wannan abin. Wallahi ban san inda na ɗebo shi ba."

Na juya ta, na jawo saman allon ƙasa. Sanarwa ce jere reras. Ɗaya da jan rubutu tana cewa ƙwayoyin cuta 5 sun kama wayar, har da tambarin wani kamfanin riga-kafin kwamfuta da suka ara. Ɗaya tana cewa an turo masa kuɗi, ya danna ya karɓa. Ɗaya cacar ƙwallo ce. Biyu kuma hotunan mata ne irin waɗanda ba a kallo, da rubutu kamar wata ce a unguwar take jiran amsarsa. Na yi sauri na rufe su da babban yatsa.

Baba ya yi shekara 35 yana koyarwa kafin ya yi ritaya. A sahun farko yake salla. Da kansa ya gaya min, idonsa a kan tabarma, cewa wata Juma'a ya ciro wayar zai duba lokaci, sai ga irin wannan hoton a sama, ga wani yaro a gefensa yana kallo. Tun ranar bai sake fita da ita ba. Na rasa abin da zan ce. Tausayinsa ne ya fara kama ni kafin ɓacin rai. Sati uku dattijo yana ɗauke da kunyar laifin da bai yi ba, ya kasa gaya wa ko da matarsa.

Ashe har ya kai wa wani mai gyara a ɓoye. Ya biya naira 3,000, aka goge tarihin shafukan da ya shiga, aka sa masa wata manhajar riga-kafi. Manhajar ta bincika ta ce wayar fes take, amma kafin ya iso gida sanarwar ta dawo. Da ya koma sai aka ce masa sai dai a yi filashin, a goge komai. Ya ƙi, saboda hotunan marigayi ƙaninsa da saƙonnin muryarsa suna ciki.

Na ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Ba cuta ba ce, kuma ba wani abin kunya kuka buɗe ba. Izini aka yaudare ku kuka bayar, yanzu za mu karɓe shi."

Na nuna masa da idonsa. A saman kowace sanarwa akwai ɗan ƙaramin rubutu: Chrome, wato burauzar da ake shiga intanet da ita, sai sunan shafin da ya aiko ta. Sunayen ba su da kan gado, tarkacen haruffa ne da lambobi. Wato ba wayar ce take magana ba, ba banki ba ne, ba kamfanin riga-kafin ba ne. Wasu shafukan intanet ne suke aiko saƙo ta cikin burauza, su yi masa kwalliya ya yi kama da gargaɗin waya.

Da muka bi sawu sai muka gano tushen. A zauren WhatsApp na 'yan fansho wani ya turo adireshi, wai rajistar tallafin gwamnati. Baba ya tuna sarai. Ya ce da ya shiga, shafin ya nuna masa hoton mutum-mutumi da kibiya, ya ce ya danna Allow don ya tabbatar shi ɗan Adam ne. Ya danna. Aka jefa shi wani shafin, shi ma ya nemi haka, ya sake dannawa. Nan dabarar take. Akwatin da ya fito na Chrome ne na gaskiya, kuma abin da yake tambaya shi ne ko ka yarda wannan shafin ya riƙa aiko maka sanarwa. Su kuma sai su zana wata ƙarya a bayansa don ka ɗauka wani abu daban kake amsawa. Wani lokaci su ce sai ka danna bidiyo zai buɗe, wani lokaci su ce don ka tabbatar ka haura shekara 18. Gwajin gaskiya na tabbatar da kai mutum ne ba ya neman izinin sanarwa.

Da zarar an danna, shafin zai ajiye wani ɗan ƙaramin shiri a cikin burauzar, a ba shi adireshin da zai riƙa aika saƙo. Daga nan ko ba ka sake shiga shafin ba, ko Chrome a rufe yake, in dai akwai data saƙon zai iso. Shi ya sa riga-kafin bai ga komai ba, don a wurin waya wannan baƙo ne da mai gida ya buɗe wa ƙofa. Shi ya sa kuma goge tarihi bai yi magani ba, izinin a wani wuri yake.

Abin ba don sharri aka ƙirƙiro shi ba. Tun 2015 Chrome ya fara ba shafuka wannan damar, don irin jaridu da imel su riƙa sanar da mutum sabon abu ba sai ya sauke manhajarsu ba. Da 'yan damfara suka yi masa caa, a 2020 Chrome da wata burauzar, Firefox, duk suka tsaurara, suka rage yadda akwatin yake faɗo wa mutum, Chrome kuma ya fara danne buƙatar shafukan da aka san suna yaudara. Sai dai masu wannan sana'a kullum cikin sauya suna suke, a rufe wannan su buɗe wancan. Ƙanwar matata da take riƙe da iPhone ba ta taɓa ganin irin wannan ba, domin a can sai ka ɗora shafi a fuskar wayarka da hannunka kafin ya iya neman wannan izinin.

Na matso kusa da shi don ya ga kowane mataki, ban so na yi masa kamar tsafi ba. Na buɗe Chrome, na taɓa ɗigo ukun nan na sama, na shiga Settings, na gangara zuwa Site settings, sai Notifications. Ƙarƙashin waɗanda aka ba izini muka ƙirga tare: 14. Ɗaya kaɗai muka sani, shafin wata jarida da yake karantawa. Sauran 13 na bi su ɗaya bayan ɗaya ina toshewa. Toshewa na zaɓa a kan cirewa kawai, domin wanda aka cire zai iya sake neman izini in an kuma faɗawa cikinsa, wanda aka toshe kuwa bakinsa a rufe yake. Na bakwai na miƙa masa wayar ya ƙarasa da kansa. Hannunsa na ɗan rawa da farko, zuwa na goma ya ware.

Sannan na kashe makunnin da ke sama, wanda ke ba shafuka damar tambaya tun farko. Dole a yi duka biyun, don kashe makunnin ba ya korar waɗanda suka riga suka samu izini. Na duba ɗayan burauzar da ke wayar, babu komai. Na bi jerin manhajoji na cire riga-kafin da mai gyara ya sa, wadda ita ma talla take zubawa, da wata ta "goge datti" da Baba bai san lokacin da ta shigo ba. Na sa Play Protect, mai binciken manhajoji da ke cikin wayar, ya bincika, ya ce lafiya. Duka bai kai minti 20 ba, kuma ko sisi ba mu kashe ba.

Tambayar da nake tsoro na bari sai ƙarshe. Na ce, "Baba, shafin nan bai nemi lambobinku ba?" Ya ce ya nemi suna da lambar waya, ya ba su. Ya kuma nemi BVN da lambar katin banki. Numfashina ya tsaya. Ya ce BVN ɗin lamba 11 ce, bai haddace ba, takardar tana cikin akwati, yana shirin tashi aka kira azahar, bayan salla kuma ya manta. Na ce alhamdulillahi har sau uku. Duk da haka muka bi saƙonnin bankinsa na watan nan, babu abin da ya fita da bai sani ba. Na roƙe shi, tunda lambar wayarsa na hannunsu, duk wanda ya kira ya ce daga banki ne yana neman lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, ya kashe ya kira ni. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Baba yana jin Turanci, ya koyar da shi ma. In aka iya ruɗa shi da kalma ɗaya a cikin ɗan akwati, ina ga Inna ta ƙauye da ba ta karanta boko, wadda duk abin da ya faɗo take dannawa don ya kauce mata? Kuma ni ban yarda hotunan nan kuskure ba ne. Mai gargaɗin cuta yana neman ka firgita ka danna, mai hoton kuma ko ba ka danna ba ya rufe maka baki, ba za ka iya nuna wa kowa ya taimake ka ba.

Bayan azahar muka kunna data, muka ajiye wayar a tsakiyar tabarma, fuskarta a sama. Umma ta kawo shinkafa da wake, muka ci muna satar kallonta. Shiru. Gab da la'asar ta yi ƙara, na ga kafaɗarsa ta ɗaga. Na ce ya duba da kansa. Ya ɗauka a hankali, sai ya yi murmushi: Yaya ce daga Kaduna ta turo muryar ƙaramin ɗanta yana karanta Fatiha. Sau biyu ya saurara.

Ina shirin tafiya ya ce in dakata. Ya shiga ciki ya fito da tsohon littafin rubutu da biro. Ya ce akwai abokinsa a zauren nan na 'yan fansho da shi ma kwanan nan ya daina fitowa da waya, in an tambaye shi sai ya ce caji ne babu. "Rubuta min matakan nan da Hausa, manya-manya, yadda mai tabarau zai gani." Na rubuta, ya karanta a bayyane, ya sa wa kowane mataki lamba da hannunsa, ya ja layi biyu ƙarƙashin inda na ce kada a danna Allow. Ya yage takardar ya ninke ta huɗu.

Da aka kira magariba tare muka fita. Ya sa takardar a aljihun gaba, ya sa wayar a bayanta.