Yadda muka tattaro ƴan ajinmu bayan shekara talatin da rabuwa

Mun fito daga makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed da ke nan Damagaram a farkon shekarun 1990, aka rarraba mu ƙauyuka. Wasu Magariya, wasu Tanut, wasu Gure, wasu har Diffa. Lokacin babu salula, in ka tafi ka tafi ke nan, sai dai a haɗu wurin gyaran takardun jarrabawa. Kuma mun kama aiki a mawuyacin lokaci. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ga albashi yakan yi watanni bai fito ba. Wannan ya tarwatsa ajinmu fiye da nisan hanya, domin da yawa sun ajiye alli tun ba su daɗe ba.

Bara, bayan jana'izar ɗaya daga cikinmu a Garin Malam, mu kaɗan muka tsaya bakin maƙabarta muna cewa yanzu ba abin da ke haɗa mu sai rashi. Aka ɗora mini neman mutane, tunda ni ban taɓa barin jihar ba.

Masu muƙami ba su da wuyar samu. Ana buɗe zauren WhatsApp suka shigo da kansu. Akwai sufeton makarantu, akwai wanda ya koma karatu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yanzu yana koyarwa a jami'ar André Salifou, akwai wanda ya shiga duwan, wato kwastan, da wata Hajiya mai makarantar kuɗi. Hotuna suka yi ta zuwa na aikin hajji, da auren ƴa, da sabon gida. Na yi murna da su har zuciya, sun sha wuya kafin su kai nan. Amma kusan rabin ajin ko dai ba su cikin zauren, ko suna ciki ba su cewa uffan.

Su ne suka ci mini lokaci, kuma da ƙafa ake nemansu. Wani tela a kasuwar Dole ya nuna mini inda zan samu wanda ya fi mu duka lissafi a aji. Na tarar da shi kusa da tasha, yana da teburin shayi da burodi. Ya bar koyarwa tun zamanin bashin albashi, ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya yi shekaru yana aikin gini. Da yaƙi ya ɓarke a 2011 ya dawo da kayan jikinsa kaɗai. Ya share mini benci da hannun rigarsa, ya haɗa mini shayi da madara, ya ƙi karɓar ko dala. Da na gaya masa zancen taro sai ya daɗe yana goge teburin da babu komai a kansa.

"Mushe," in ji shi, "in na zo me zan ce? Kowa zai miƙe ya ce shi darakta ne."

Na ce, "Malam, kai ka koya wa rabinmu lissafi a ƙarƙashin fitilar ƙwai. In ba ka zo ba, da wa za mu yi taron?"

Na kai maganarsa gaban sauran. Hajiya mai makaranta, wadda ita ta nemo mana matan ajin ta hanyar biki da suna, ta ƙara da nata. Ta ce a daina tambayar "ƴaƴa nawa?" a bainar jama'a, domin a cikinsu akwai wadda Allah bai ba haihuwa ba, akwai wadda ta binne biyu. Mu maza ba mu taɓa lura da nauyin wannan tambaya ba, gaisuwa muke ɗaukarta.

Sai muka tsara taron a kan haka. Muka sa shi kwana uku bayan ƙaramar Salla, lokacin da ƴan Yamai ke gida, don kada a sa mutum ya yi tafiyar kusan kilomita 900 saboda wuni ɗaya. Ba mu kama otal ba, tsakar gidan wani ɗan ajinmu a Birni muka shimfiɗa tabarmi, kowa ya zauna ƙasa. Ba a yanka kuɗin shiga ba, domin jaka biyar da wani ba ya ji, wani cefanen gidansa ne na kwanaki. Aka ajiye ƙwarya a rufe a zaure, mai hali ya saka. Da aka zo gabatar da kai, abu ɗaya aka nema: faɗi ƙauyen da aka fara tura ka. Nan wuri ya ɗauki dariya, kowa da labarin aji na zana da iska ta kwashe, da tuwon da iyayen yara ke aiko masa. Mai duwan da mai shayi duka da haka suka fara. Sannan aka karanta sunayen waɗanda suka riga mu, aka yi musu addu'a.

Labarin gaskiya bai fito ba sai bayan la'asar, da aka kasu ƙungiya-ƙungiya ana shayi. Wannan takardunsa na ritaya sun maƙale, wancan yana fama da ciwon suga, wata mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ɗan wani ya gama jami'a yana zaune. Wanda ya fi kowa tura hotuna shi ma ya ja ni gefe ya ce matarsa ta shekara a kwance. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka taɓa rubutawa a zauren WhatsApp. A ranar wani ɗan Yamai ya karɓi kwafin takardun masu ritaya, sauran kuɗin ƙwarya kuma aka ba wadda aka bari da marayu ba tare da sanarwa ba.

Yanzu wasu na so a mai da abin ƙungiya mai rajista, da shugaba da ma'aji da kuɗin wata-wata. Ni ban goyi baya ba, kuma na faɗa musu. Ranar da aka fara rubuta sunan wanda bai biya ba, mutanen da muka sha wuya kafin mu fito da su za su koma gida. Ba mu daidaita ba tukuna. Kafin nan akwai sauran mutum biyu da ba a samu ba. An ce an ga ɗaya a Kantin Kwari a Kano yana sayar da atamfa, can zan nufa in an gama girbi.