Ka buɗe hoton kafin ka kulle ofis

Akwai wani ƙaramin ofis da na taɓa kula da kwamfutocinsa. Intanet ta riƙa ɗaukewa cikin dare, masu ba mu layi kuwa suka dage cewa lafiya lau take. Mai gida ya ce in kawo shaida. Na buɗe shafin da ke nuna ƙarfin layin a kwamfutarmu mai Linux, na shiga taminal, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta umarnin ɗaukar hoton allo na manhajar ImageMagick, `import -window root hoto.png`, na sa ya riƙa maimaituwa duk bayan minti 10. Ƙarfe 8 na dare na kulle ofis, zuciyata wasai.

Ƙarfe 6 na safe na dawo ina sa ran hotuna 60. Fayil ɗaya tak na tarar. Suna ɗaya na ba su duka, shi kuwa `import` ba ya tambaya, sabon hoto yake ɗorawa a kan tsoho ya shafe shi. Wanda ya rage na asuba ne, lokacin da layin ya riga ya dawo. Na tsaya gaban mai gida hannu rabbana, har yau ina jin nauyin wannan safiyar.

Ƙannena, maganin wannan bai kai layi ɗaya ba. Ku sa kwanan wata da lokaci cikin sunan fayil: `hoto_$(date +%F_%H%M%S).png`. Mai amfani da `scrot`, wata manhajar ɗaukar hoton allo, shi ma zai iya rubuta `scrot '%Y-%m-%d_%H%M%S.png'`, ita da kanta za ta cike gurbin. Sunan da ya fara da shekara, sai wata, sai rana, yana jera kansa a folda ba tare da ka taɓa shi ba.

Da na mayar da aikin cikin `cron`, manhajar da ke tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, don ya riƙa tashi da kansa, sai ya ƙi motsi. Abu biyu ne suka kama ni. A crontab, fayil ɗin da ake jera wa `cron` ayyukansa, alamar % tana nufin sabon layi, dole ka sa \ a gabanta. Sannan `cron` bai san wane allo kake nufi ba sai ka gaya masa da `DISPLAY=:0`.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici daga baya ya zo. Na koma Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, na kunna tsohon rubutuna, fayiloli suna ta taruwa da sunayensu tsaf. Kwana biyu ban buɗe ko ɗaya ba, saboda na ga folda ta cika. Da na buɗe, baƙi ƙirin ne dukkansu. Ashe tsarin da ke sarrafa allo ya koma sabo mai suna Wayland, su kuwa `scrot` da `import` don tsohon mai suna X11 aka gina su, Wayland kuma ba ya barin kowace manhaja ta leƙa allo yadda ta ga dama. A Sway, wata manhajar tsara tagogin allo da ke aiki da Wayland, `grim` ake amfani da shi wajen ɗaukar hoton allo, a haɗa da `slurp` idan wani yanki kawai ake so. A wancan Ubuntun kana iya zaɓar Xorg, wato ka koma X11, a shafin shiga. Masu Mac suna da `screencapture`, inda `-T 5` ke jiran daƙiƙa 5.

In akwai rubutu a allon, ku ajiye a PNG. JPEG na dagula gefen haruffa, ƙananan lambobi su zama sai an yi ta ƙura ido. Kuma ku tuna `-window root` komai yake kwashewa, har da saƙon da ya faɗo a gefe da kalmar sirrin da aka bari a buɗe.

Yanzu duk aikin da zan bar wa kwamfuta cikin dare, ba na tashi sai hoto na biyu ya sauka. In duba sunayen biyu sun bambanta, in buɗe kowanne in karanta lambobin da ke ciki da idona, sannan in ɗauki makulli.