Koyar da dabarun numfashi a asibitocin karkara

A asibitocin karkara, inda iskar oksijin ba ta cika samuwa ba, ina ganin wajibi ne kowane ma'aikacin lafiya ya iya koyar da numfashin tsuke baki. Majiyyaci zai zauna ya saki kafaɗunsa, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga biyu, sannan ya tsuke leɓɓansa kamar mai hura koko mai zafi, ya fitar da ita sannu a hankali yana ƙirga huɗu. Hakan yana hana ƙananan hanyoyin iska rufewa da wuri, musamman ga matan da hayaƙin murhu ya raunana musu huhu. Dole ma'aikacin ya fara gwadawa da kansa a gaban mai horar da shi. Mai asma kuwa, idan ciwon ya tashi, sai an haɗa masa da maganin shaƙa.